Albasa ba a rudu take ruɓewa ba

Ɗan'uwa mai garkar albasa, yau da kai nake. Maganar ba mai daɗi ba ce. Amma gara ka ji ta yanzu, da ka ji ta daga bakin rudunka a watan Yuli.

Kowace shekara, in damana ta zauna, wari yakan tashi a bayan gari. Daga Galmi zuwa Madawa, daga Tsarnawa zuwa Tamaske, labarin ɗaya ne. Sai ka ga yara da amalanke suna kai albasa juji. Albasar nan kuwa an yi wata biyar ana wahala da ita. An yi reno, an yi dashe, an sha sanyin asuba wajen ban ruwa, an sayi isansi, an sayi taki, an biya ƴan ƙwadago. Ga ta can ƙudaje na bi.

In ka tambayi mai ita, amsarsa ba ta wuce uku. Ko ya ce ƙaddara ce. Ko ya ce rudun ne ba shi da kyau. Ko ya ce irin bana ne ya cuce shi.

Ni kuwa na ce a'a. Mafi yawan albasar da ke ruɓewa a rudu, tun daga garka ta ɗauko ciwonta. Rudu ɓoye ciwon kawai ya yi, har ya fito fili. Wanda ya sa mata ciwon kuma ba baƙo ba ne. Mai garkar ne da hannunsa, cikin sati uku na ƙarshe kafin ɗiba.

Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da ke musunta. Amma malamai sun gaya mana tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Wanda ya kwarara wa albasa ruwa jiya, ya tuge ta yau, ya cusa ta rudu gobe, bai ɗaure raƙumi ba. Kada ya ɗora wa ƙaddara abin da shi ya yi.

Ɗauki albasa guda, ka raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa. Duba da kyau. Kowane ɓawo na ciki gindin ganye ne. Dukansu sun haɗu a wuri ɗaya, a wuya. To, wuyan nan shi ne ƙofar albasa. In albasa ta ƙosa da kanta, sai ta daina fitar da sabon ganye. Wuyan ya yi laushi, lawashin ya kwanta. Daga nan wuyan ya bushe, ya tsuke, ƙofa ta rufe. Ɓawon waje ya bushe shi ma, ya zama riga. Albasar da ƙofarta ta rufe, rigarta ta bushe, ita ce ke kai wata huɗu, wata biyar, ba ta ce uffan ba.

Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da albasa ido ba ya ganinsu. Suna cikin ƙasa, suna cikin iska, suna jikin wuƙarka. Wurin shigarsu biyu ne: ɗanyen wuya da rauni. In sun samu ɗaya sun shiga. Su yi kwance a ciki, kai kana ganin albasa jawur, kyakkyawa. Sai ranar da iska ta ɗauko laima, sannan su tashi aiki.

Yanzu mu duba abin da muke yi.

Albasa ta kusa kai wa. Lawashi ya fara kwanciya nan da can. Wannan alama ce, albasa na cewa ta ƙoshi. Mai garka kuwa sai ya tada inji, ya ƙara mata ruwa. Wai don ta ƙara kumbura, buhu ya yi saurin cika. Wani ma har daren da za a tuge sai ya sake ta da ruwa, wai don ƙasa ta yi taushi, aikin ya yi sauƙi. Sauƙin yini ɗaya, hasarar shekara guda!

Ruwan ƙarshe ba ya zama albasa. Ruwa ne, ruwa yake zama. Yana hana wuya bushewa. Yana fasa rigar waje. Yana tada sababbin saiwoyi a gindi. Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. To, wadda aka ɗura wa ruwa har ranar ɗiba ta yi halinsa sarai. Ka ba ta wata biyu, za ta koma ruwa, ta tsiyaye ta ƙarƙashin rudu.

Abokin ruwa a wannan ɓarna shi ne takin ure, farin nan mai ƙwaya-ƙwaya. Ban ce ure ba shi da amfani ba. Yana da shi, lokacin da albasa ke ƙarama tana neman ganye. Ure abincin ganye ne. In albasa ta fara ɗaura kai, lokacinsa ya wuce. Wanda ya ci gaba da watsa shi bayan nan, ganye yake kira. Albasa ta ƙi tsayawa, ta dinga turo sabon lawashi daga tsakiya. Wuya ya yi kauri kamar babban yatsa. Irin wannan wuya ba ya rufewa, ko an shanya shi wata guda. Garkar ta yi kore shar, masu wucewa suna yabo. Yabon nan ba ya shiga buhu.

Wani zai ce: ai haka muka gada. Ba haka muka gada ba. Tambayi tsofaffin garinku. Da ƙwarya da guga suke ban ruwa. Ruwan da mutum ya ja da ƙarfinsa ba ya zubar da shi banza. Takinsu na dabbobi ne, wanda ya ruɓe ya yi sanyi, yana ciyar da shuka sannu-sannu. Albasarsu ba ta kai ta yanzu girma ba, amma tauri gare ta kamar dutse, ga yaji. Ita ce ta yi wa Galmi suna. Inji alheri ne, ya hutar da ƙashin bayanmu. Sai dai ya sa ruwa ya yi arha, mu kuma muka manta da awo.

To, yaushe ake tsai da ruwa? Ba a duban kalanda kaɗai, garkar ake duba. Jar albasar Galmi takan ɗauki wajen wata huɗu bayan dashe. Wadda aka dasa a watan Nuwamba ko Disamba, sai Maris ko Afrilu. In ka ga lawashi ya fara kwanciya da kansa, rage ruwa. In ya kai kamar rabin garka ya kwanta, kashe inji. Ka bar ta kwana 10 zuwa 15 babu ɗigo. Kada tausayi ya kama ka. Ba ƙishirwa take ji ba, rufe ƙofarta take yi.

Na ce ya kwanta da kansa. Akwai masu bi suna tattake lawashi da ƙafa, ko su ja itace a kai, wai don albasa ta yi saurin ƙosawa. Karya wuya ba ƙosarwa ba ne. Ka murƙushe ɗanyen ganye, ka buɗe wa cuta hanya, shi ke nan abin da ka yi. Mangwaro ma in an jefo shi ɗanye, ba ya zama nunanne don ya taɓa ƙasa.

Ranar ɗiba ita ma tana da nata laifi. Ana biyan ƴan ƙwadago bisa yawan aiki, kowa sauri yake. Wannan ya sari albasa da kwasa. Wancan ya jefa ta kan tsibi daga nesa. Yaro ya hau tsibin ya zauna. Albasa ba tsakuwa ba ce. Duk wadda ta bugu, wurin ya mutu a ciki, ko ba a gani daga waje. Ka tsaya kan aikinka ranar nan. In ba ka tsaya ba, wa zai tsaya maka?

Sai yankan lawashi. Nan ne wuƙa ke cin amanar mai ita. Ana tugewa, ana yanke ganye tun yana ɗanye, kuma a yanke shi daf da kai, har farin ciki ya bayyana, ruwa na fita. Wannan ba rufe ƙofa ba ne, cire ƙyauren ne gaba ɗaya. Bari lawashin ya bushe tukuna. In za ka yanke, bar wuya tsawon yatsa biyu ko uku a kwance. Ka murza shi tsakanin yatsunka. In ka ji santsi ko sanyi, da saura. In ya yi ƙaras-ƙaras kamar busasshiyar ciyawa, ya yi.

Shanya kuma ba gashi ba ce. Ranar watan Afrilu ka san ta. In ta bugi kan albasa tsirara yini biyu, sai ta dafa ɓawon sama. Wurin ya yi fari, ya yi laushi, daga baya ya ruɓe. Jera albasar layi-layi, lawashin wannan layi ya rufe kawunan wancan. Ko ka kwashe ta zuwa inuwar rumfa inda iska ke ratsawa, ka baza ta, kada ka tsiba. Ka ba ta sati ɗaya zuwa biyu. Iska ce ke busar da albasa, ba zafin rana ba.

Na san abin da za ka ce. Akwai ɓarayi, akwai dabbobi, wa zai bar dukiyarsa a fili sati biyu? Gaskiya ne. Amma wanda ya yi wata huɗu yana kwana da tunanin garka, kwana goma na gadi ba za su kashe shi ba. Maƙwabta su haɗa kai su yi gadin karɓa-karɓa. Ana yin haka don gero, don me ba za a yi don albasa ba?

Kafin ta shiga rudu, zauna ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki ne na zama, tsofaffi da mata sun fi samari iya shi. Mai kaurin wuya, gefe. Wadda ta yi tsiron fure tun tana garka, gefe, don tsakiyarta kara ne, rami gare ta. Tagwaye da wadda ta tsage, gefe. Mai rauni, mai laushi, wadda rigarta ta tuɓe, gefe. Manya-manyan nan da ke burge ido, su ma ba su cika daɗewa ba. Matsakaiciya, mai tauri, mai siririn wuya, mai riga biyu ko uku a bushe, ita ce ta ajiya.

Mutane suna ƙin tsincewa don kada tsibin ya ragu. Sai su ce: wannan ɗan rauni ne kawai, bari ta shiga. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ruɓaɓɓiya guda tana tsiyaya kan na ƙasa da ita, ta jiƙa goma, goman nan su jiƙa ɗari.

Waɗanda ka ware ba hasara ba ne. Su za ka fara kai wa kasuwa. Su za a fara ci a gida. Ke kuma uwargida, ga naki. Ƙanana da masu rauni, a yanka a shanya, ko a daka a yi gabu. Lawashin ma haka. Gabu ba ya tsoron damana in ya bushe sosai, kuma ranar da albasa ta yi tsada, shi ke gyara miya, shi ke kawo ƴan kuɗin sabulu.

Yanzu mu zo ga rudun da ake ta zagi. Rudu na kara da ciyawa ba abin rainawa ba ne. Kakanninmu sun san abin da suke yi da suka ɗaga shi bisa itatuwa, suka bar iska tana shiga ta ko'ina. Laifin da ake yi masa shi ne a cika shi har wuya, a ɗaure, a tafi, sai bayan wata uku.

Albasa rai gare ta. Ko a cikin rudu tana numfashi, tana fitar da zafi da gumi. In ta yi tsibi mai zurfi, na tsakiya ba su samun iska, na ƙasa kuma nauyi ya danne su. Zafin bazara shi kaɗai ba ya cutar da busasshiyar albasa, yana ma hana ta tsiro. Maƙiyinta laima ce. In zafi ya gamu da laima, sai ka ga baƙar ƙura kamar garin gawayi a ƙarƙashin ɓawo. Wannan ba datti ba ne, cuta ce, kuma ƙurar nan ita ce irinta.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. Gindin rudu ya tashi daga ƙasa kamu ɗaya ko fiye, kada a bar ciyawa ta toshe ƙarƙashinsa. A sake jinka kafin ruwan fari, ba bayan ya zuba ba. Hadarinmu daga gabas yake bugowa, saboda haka a ƙara wa gefen gabas kariya, a bar sauran gefuna su sha iska. Wanda ke da hali ya yi rumfa mai gado-gado a ciki, hawa biyu ko uku, ya shimfiɗa albasa kada ta wuce kai biyu ko uku bisa juna. Rudu biyu rabi-rabi sun fi rudu ɗaya maƙil. Kada a kwantar da ita kan siminti ko kan ƙasa. Kada a ajiye ta cikin buhun leda a ɗaure baki. Buhu na tafiya ne, ba na ajiya ba.

Kuma rudu yana son ziyara. Kowane sati biyu, in damana ta kama kowane sati, ka buɗe. Hancinka zai riga idonka sani. In ka ji tsami, ko ka ga ƙananan ƙudaje suna shawagi, akwai ɓarna a ciki. Nemo ta ka fitar. Kada ka yar a gindin rudu, kai ta nesa ka binne.

Abu guda kuma, da babbar murya. Kada ka barbaɗa wa albasar ajiya maganin ƙwari, ko na auduga, ko na wake, ko wanda ake sayarwa a ƙulle a kasuwa ba suna. Ruɓa ba ƙwaro ba ce, maganin ƙwari ba ya tsai da ita. Guba kawai ka zuba a abin da ɗiyanka da ɗiyan wasu za su ci.

Saura babbar hujja, wadda ta fi sauran nauyi. Za ka ce: malam, kai kana maganar ajiya, ni bashi ke bina. Mai isansi na jira. Mai taki na jira. Wanda ya ba ni kuɗi tun lokacin dashe ya ce da albasa zan biya shi, kuma ranar ɗiba motarsa na bakin garka. Ina ruwana da wuya ya bushe ko bai bushe ba?

Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma ba zan ce ka ƙi biyan bashi ba. Ban ce ka ajiye duka ba. Amma duba yadda igiyar take ɗaure ka. A watan Maris da Afrilu kowa ɗiba yake, kasuwa ta cika, kuɗin buhu ya faɗi ƙasa. Ɗan kasuwa ya san albasarka jiƙaƙƙiya ce, ba za ta jira ba. Ya san ka sani. Don haka shi ke yanka kuɗi, kai sai dai ka ce to. Shi ke kawo buhunsa, a cika, a ɗora hula a bisa, a ɗinke, buhu ya haura kilo 100 nesa, a biya ka kuɗin buhu ɗaya. Ba ka iya cewa a'a, don in ka ƙi yau, jibi wari za ta fara. Ruwan da ka ƙara don buhu ya cika, shi ne ya ƙwace maka baki a ciniki.

Wanda albasarsa ta bushe, shi yana da kalmar da kai ba ka da ita. Yana iya cewa: albarka. Ya mai da kayansa rudu, ya jira.

Ga lissafi, tun da yanzu ka iya. Misali ne kawai, kai ka sa kuɗin kasuwarku a wurin nawa. Manomi na fari ya tsai da ruwa, ya samu buhu 20. Na biyu ya ƙara ruwa da ure, ya samu buhu 22. Mu ce ranar ɗiba buhu jikka 10 ne. In sun sayar nan take, na fari jikka 200, na biyu jikka 220. Na biyu ya yi dariya.

To, su duka sun zuba a rudu. Bayan wata biyu na biyu ya ji wari. Ya buɗe, ya zubar da buhu 8, ya ruga kasuwa da 14 kafin su bi sahu. Mu ce buhu ya kai jikka 12. 14 sau 12, jikka 168 ke nan. Bai ko kai abin da zai samu ranar ɗiba ba. Na fari ya kai watan Satumba. Albasa tana raguwa a ajiya ko lafiyarta lau, don tana bushewa, kuma ana tsince ɗaya-ɗaya. Mu ce buhu 4 sun tafi, saura 16. Mu ce buhu ya kai jikka 25. 16 sau 25, jikka 400. Ɗauki alli ka sake bugawa da kanka, kada ka yarda da ni.

Ba kowace shekara kuɗi ke tashi daidai ba. Amma kowa ya sani, daga Agusta zuwa Oktoba buhu yakan ninka na lokacin ɗiba, wani lokaci sau biyu, wani lokaci sau uku ko fiye. Tsadar takan riƙe har albasar damana ta Agadas, ta su Tabelot, ta sauko kasuwa wajen ƙarshen shekara. Ribar nan tana nan kowace shekara. Tambaya ita ce aljihun wa take shiga.

Mafitar bashi kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. A garuruwa da yawa na ƙasarmu manoma sun san bashin jingina: ƙungiya ta tara gero ko wake a mangaza, a kulle, asusu ya ba da rance, in kaya sun yi tsada a sayar a biya. Mai ba da rance yana yarda da wake don ya san wake na jira. Yana ɗari-ɗari da albasa don ya san halinmu. Ranar da ƙungiyarku ta kafa doka, cewa ba mai kawo albasa ɗakin ajiya sai wanda ya tsai da ruwa kwana 10, kuma aka naɗa mutum biyu masu duba wuya a bakin ƙofa, ranar za ku iya zuwa neman rance da ƙarfin gwiwa. In ɗan sarki ne ya kawo jiƙaƙƙiya, a mai da shi. In aka ji kunyar mutum ɗaya, kayan mutum talatin za su ruɓe.

Akwai masu ɗiba da wuri, a watan Janairu ko Fabrairu, tun albasa ba ta gama ƙosawa ba, don su riski tsada. Wannan dabara ce ta kasuwa, ban hana ba. Sai dai su sani, wannan albasar ci ce, ta yau da gobe. Kada ta kusanci rudu.

Ɓarnar nan ba a garinku take tsayawa ba. Albasar Nijar tana tafiya Kwatano, tana tafiya Lome, da Kumasi, da Ankara, da Abijan. Kwana da kwanaki take yi cikin babbar mota, buhu bisa buhu, ga rana, ga jira a kan iyaka. A ƙarshen watan Yuli na 2023, da ƙasashen CEDEAO suka rufe iyakokinsu da Nijar, motocin albasa sun tsaya a hanya, kaya da yawa sun lalace. Hanya ba ta da tabbas. Busasshiya tana jure jira, jiƙaƙƙiya tun kafin a sauke ta take zubar da ruwa. Matar da ta saye ta a Kumasi ba ta san sunanka ba. Cewa za ta yi albasar Nijar ta lalace. Kuma lokacin da tamu ta ƙare ko ta ruɓe, kasuwar Abijan ba ta zama babu albasa. Ta Holan ce ke cika ta, wadda ta ƙetaro teku cikin jirgin ruwa. Ka ji fa. Albasa ta fito daga Turai ta iso lafiya, tamu ta kasa kai wa Satumba a bayan ɗakinmu.

A shekarar 2023 hukumar OAPI, mai rajistar sunayen kaya a ƙasashen Afirka da dama, ta ba jar albasar Galmi takardar shaidar suna, ita da kilishin Nijar. Abin alfahari ne. Amma takarda ba ta busar da wuyan albasa. In buhu ya isa Abijan yana wari, ba wanda zai tambayi takarda.

Da na ce ba iri ne ke da laifi ba, ban wanke shi duka ba. Akwai wurin da yake shiga, kuma nan ma hannunmu ne. Albasa shekara biyu take yi kafin ta ba da iri na ƙwarai: bana ta yi kai, a ajiye kan, a sake dasa shi, sannan ya yi fure. Wasu don gajen haƙuri sai su tara iri daga waɗanda suka yi fure tun shekarar fari, a tsakiyar garka. Ɗa yakan gaji uwa. Irin nan baɗi zai ba ka garka mai yawan fure, kai mai rami, wanda ba ya ajiyuwa. In ka sayi iri a kasuwa ba ka san uwarsa ba, tambayi malamin gona na yankinku, ko ka nemi wanda ya fito daga hannun masu yin iri da INRAN ta sani.

Mafi sauƙi kuma, rudunka da kansa zai zaɓar maka. Albasar da ta kai watan Oktoba da taurinta, ba ta tsira ba, ba ta yi baƙi ba, launinta ja mai ɗaukar ido, ita ce uwar iri. In tsada ta zo, hannu zai yi ƙaiƙayi a sayar da duka. Tun kafin ranar, ware kwando biyu ko uku daga cikinsu, ka sa su can gefe guda a kan gadon sama, ka gaya wa mutanen gida na dashe ne.